Rumfar da Sumana Ya Bari Tana Yoyo

Sumana ɗan masunta ne daga Tunuga, kuma shi kaɗai ne a gidansu da bai taɓa shiri da kogi ba. Ubansa da yayyensa a cikin jirgi suke karya kumallo. Shi kuwa da zarar an tura jirgi daga gaɓa sai ya riƙe gefe da hannu biyu yana salati. Da aka gwada shi damina uku ba a ga sauyi ba, uban ya ce to, Allah bai yi wannan don ruwa ba, a kai shi Gaya, garin bakin iyaka, wurin kawunsa mai jinka. Haka wanda ya kasa zama bisa ruwa ya ƙare da sana'ar hana ruwa sauka a kan mutane.

Ya fi shekara arba'in yana yi. Jinkar ɗaki, rufin rumbu, rumfar kasuwa, zanar gamba, duk hannunsa ya san su. Yana da wata al'ada da rabin Gaya ta san shi da ita. In ya gama rufi ba ya saukowa ya ce ya gama. Sai ya sa mai aikin ya shiga ya zauna a tsakiya, in so samu ne da farar riga, shi kuma ya hau da bokiti biyu ya kwarara ruwa a kai. Mai riga ya fito a bushe, 'yan kallo su yi ta jinjina kai kamar ba su taɓa gani ba. Daga nan aka laƙaba masa Ba-Yoyo. Matarsa Hadiza takan ce da an tara ruwan da ya zubar a kan rufin mutane, da ya ishe su noman shinkafa.

A cikin ayyukansa akwai ɗaya da ya fi ji da shi: rumfar ƙofar masallacin unguwa, inda waɗanda suka makara ke sallar Juma'a, inda kuma tsofaffi ke zama tsakanin azahar da la'asar suna gyara duniya. Duk shekara biyu shi ke sabunta ta. A wannan sana'a wanda ya riƙe rumfar masallaci shi ne gwanin wurin, ba sai an yi shela ba. Mutumin ƙauye zai zo Juma'a, ya ɗaga kai, ya tambayi wa ya yi wannan, kafin sati ya zagayo yana ƙofar gidan Sumana.

Yau shekara goma sha biyu ke nan da wani Ibo mai suna Natanel ya kama hayar gidan da ke jikin na Sumana, shi da matarsa Debora da 'ya'ya biyu. Ya buɗe butik na kayan gyaran moto, wato babur, da na mota kusa da tashar kamiyoyi, manyan motocin kaya. Da farko an ɗauka Kirista ne, kamar sauran 'yan uwansa na kasuwa. Sai aka lura ranar Lahadi yana buɗe, ranar Asabar kuma, ranar da 'yan kabu-kabu suka fi zuwa neman kaya, butik a kulle. Da aka tambaye shi ya ce shi Bayahude ne, kuma a ƙasarsu akwai irinsa ba kaɗan ba.

Unguwar ta san Yahudawa a wurin tafsiri da kuma a rediyo, amma a duka biyun ba a taɓa cewa suna sayar da buji, filogin moto, ba. An yi sati guda ana maganar a wurin mai shayi. Liman, Alfa Idrisa, ya ce haƙƙin maƙwabci ba ya tambayar addini, kuma Annabi Musa ba baƙo ba ne a wurin Musulmi. Alfari, tsohon ma'aikacin duwan, wato kwastan, da ke shugabantar kwamitin masallaci, ya ce ya ji, amma a dai sa ido. Ya sa ido shekara guda cur. Abin da ya gano shi ne mutumin ba ya cin alade, yana yi wa 'ya'yansa kaciya, yana ibada sau uku a rana, kuma ba ya sayar da jabu sai ya faɗa maka jabu ne. Alfari ya ce wannan na ƙarshen ne ya fi ba shi mamaki.

Mata ba su jira rahoton Alfari ba. Hadiza ta leƙa madafar Debora ta ga tukwanen nama daban, na madara daban, har cokula, ta dawo ta ce wa mijinta ashe akwai mazan da suka san darajar kayan ɗaki. Duk Juma'a da yamma wani burodi mai kama da kitso yana tsallako katanga, dambun zogale yana tsallakawa can.

Daminar farko na shirin ƙarewa Natanel ya yi sallama a ƙofar Sumana. Dukansu biyu Hausar kasuwa suke ji, don Sumana Dandanci yake yi a gida, amma ta ishe su. Natanel ya ce suna da wani idi na kwana bakwai, na tunawa da zaman da aka yi a hamada tare da Annabi Musa, lokacin da babu mai gida sai bukka. A kwanakin nan a cikin rumfa ake cin abinci, mai iyawa ma ya kwana. Amma rumfar tana da sharuɗɗa. Kada wani abu ya shiga tsakaninta da sama, ko reshen itace ne. Rufin kuma ya zama abin da ƙasa ta tsirar aka sare, kamar kara ko ganye, a shimfiɗa shi kawai, ba ƙarfe ba roba. Inuwa ta fi rana yawa, amma a bar ƙofofi yadda mai zaune zai hangi taurari.

Sumana ya saurara kamar yadda gwani ke sauraron mai aiki: yana gyaɗa kai, yana tunanin yadda ya kamata a yi. A ransa ya ce wannan baƙo ne mai kunya, ba ya son wahalar da dattijo, shi ya sa yake neman aikin ganin dama. To ba a gidan maƙwabcin Ba-Yoyo ba.

Natanel ya ƙetare gada zuwa Malanbil ta ƙasar Bini ɗauko kaya, ya yi kwana biyu. Kafin ya dawo Sumana ya kafa rumfa a ƙarƙashin mangwaron tsakar gida, inda duk mai hankali a Gaya zai kafa ta. Ya jera kara ya ɗaure tamau, ya shimfiɗa bash, wato tamfal na roba, a kai, ya sake rufe bash ɗin da wani karan don kada a gani. Debora ta yi ƙoƙarin magana, ya ce mata ta bari maigida ya dawo ya ga abin mamaki.

Ya kuwa gani. Ya dawo da hantsi, ranar jajibirin idin, ya tarar da kujera a tsakiyar rumfa, Sumana a sama da bokiti, maƙwabta a bakin ƙofa. Bai so ya kunyata dattijo ba, ya shiga ya zauna. Aka kwarara ruwa. Ya fito a bushe, aka yi masa barka. Sai da mutane suka watse ya ce:

"Baba Sumana, ban taɓa ganin rumfa mai kyau kamar wannan ba. Sai dai ba za mu iya ci a cikinta ba."

"Ina ta yi yoyo?"

"Ba ta yi ba. Damuwar ke nan."

Natanel ya sake bayani tun daga farko, a hankali, har ya ɗauko wani littafi ya nuna masa zane. Sumana ya dubi zanen ya ce wannan ai ba rumfa ba ce, rariya ce. Natanel ya ce ya yarda, amma rariyar aka umarce su da ita, kuma in rana ta faɗi ba su da halin taɓa aiki. Sumana mutum ne da ya san abin da ake nufi da umarni. Bai ƙara gardama ba. Da hannunsa ya kwance abin da ya ɗaura, ya janye ginshiƙan daga inuwar mangwaro zuwa tsakiyar rana, ya cire bash, ya shimfiɗa kara jefi-jefi yana kau da kai kamar mai wanke gawar da bai sani ba. Da ya gama, Natanel ya hau ya ɗora damin ƙarshe da kansa, don haka al'adarsu take. Ya ɗora shi a karkace. Sumana ya miƙa hannu zai gyara, aka ce a'a, a bar shi haka.

A rana ta huɗu aka yi ruwa ana tsakar cin abincin rana. Natanel da iyalinsa suka kwashi kwanoni suka ruga ɗaki suna dariya, don dokarsu ba ta ce a zauna miya ta cika da ruwa ba. Zalika mai ƙosai, wadda katangarta ba ta da tsawo kuma ita tana da shi, ta ga komai. Kafin gari ya waye labari ya kai bakin kogi: rumfar Ba-Yoyo ta yi yoyo, har an gudu.

A shekarar farko abin bai wuce wasa ba. Rumfar tana cikin gida, mutum huɗu take ɗauka, bayan kwana bakwai a rushe ta a manta. Da jama'ar Natanel ta tsaya a mutum huɗu, da babu labarin da za a bayar.

Ba ta tsaya ba. Ƙanensa Obinna ya zo da amarya. Wani tela mai suna Eliyezer ya taso daga Kandi da kekensa. Sai wata ma'aikaciyar jinya da mijinta, sai wani malamin lekol, wato makarantar boko, daga Bini wanda ya iya karanta rubutunsu mai tafiya daga dama kamar na allo. Babbar ibadarsu ba ta yiwuwa sai maza goma sun taru, kuma sun daɗe suna tsaye a tara. Na goman wani direban kamiyo ne da ba ya kwana a Gaya sai ran da motarsa ta lalace. Masu lura sun ce in ta lalace ranar Alhamis, Natanel kan yi wahalar samo kayan gyaranta har sai Lahadi.

Suka kama wani shago mai ƙofa biyu suka mai da shi ɗakin ibada. Ranar Lahadi da safe malamin lekol na koya wa yara karatu, muryoyinsu na haɗuwa da na makarantar Alfa Idrisa a tsakiyar hanya, babu mai jin na wani. Matansu suka kafa girkin taro na ranar Juma'a, tunda Asabar ba a hura wuta. Da mahaifiyar Eliyezer ta rasu, dattawan unguwa ne suka raka su wurin hukuma aka ba su ɗan fili a bayan gari, Alfari na gaba da takardu a hammata, don ya ce in ba shi ba za a juya su kamar waina. Sa'an nan aka rufe gada. 'Yan uwansu na Malanbil, waɗanda a da sukan zo ranar Juma'a su koma Lahadi, suka gaji da hawan jirgi da kaya a ka, gida uku suka tattaro suka dawo unguwar gaba ɗaya. Direban kamiyo ya samu lafiya, motarsa ta daina daɗewa a wurin gyara.

Duk wannan Sumana a jikin rumfa yake ganinsa. Ginshiƙi huɗu ya zama shida, shida ya zama goma. Tsakar gidan Natanel ta yi kaɗan, kuma mangwaron ya ƙi matsawa. A shekara ta bakwai aka fitar da rumfar zuwa filin da ke gaban ɗakin ibada, a bakin hanyar da duk mai zuwa kasuwa ke bi.

A nan wasa ya daina zama wasa. Abin da a da sai mai dogon wuya ke gani, yanzu mai jaki ma yana gani. Akwai wani Yakuba, wanda ya taɓa aiki a ƙarƙashin Sumana kafin ya koma walda da rufin tol, wato kwano. Yakuba bai taɓa yi wa tsohon maigidansa ƙarya ba. Abin da yake yi kawai shi ne, in ya ɗauko mai neman rufi a bayan moto, sai ya tsaya daidai rumfar, ya gai da mutanen ciki da ladabi, ya ɗaga kai ya dubi sama ta cikin kara, ya yi ajiyar zuciya, ya ce, "Allah sarki, tsufa." Sai ya ja moto.

Sumana ya roƙi Natanel ya fito ya faɗa wa mutane gaskiya. Natanel ya je wurin mai shayi ya yi bayani dalla-dalla, cewa shi ya nemi a bar ƙofofin, addininsu ne ya ce haka. Aka saurare shi da kyau. Da ya tafi aka ce kai, wannan Ibo ɗan halak ne, dubi yadda yake rufa wa tsoho asiri. Wane mai hankali ne zai kira gwani ya ce a yi masa rufi mai yoyo? Darajar Natanel ta ƙaru a unguwa, ta Sumana ta ƙara sauka.

Akwai abin da Sumana bai faɗa wa kowa ba, ko Hadiza, ko da yake ita ta sani. A cikin shekarun nan ya gano cewa barin ƙofa ma aiki ne. Toshe rufi kowane mai ƙarfin hannu zai iya. Amma a shimfiɗa kara ba ƙusa ba waya, iska ta zo ta wuce ta bar shi, inuwa ta rinjayi rana ba tare da ta kashe ta ba, wannan sai wanda ya san kara. Ya koyi zaɓen karan gero mai kauri na gefen fadama, ya koyi danne shi da siraran azarar giginya a gicciye. Da tsakar rana yakan tsaya ya dubi ƙasa. In inuwar ta fito da ɗigo-ɗigon haske kamar jikin zabo, ta yi. In ta fito kamar jikin akuya, sai ya sake hawa. Yana yi yana tsaki, don kada a ce yana jin daɗi.

A shekara ta goma lokacin sabunta rumfar masallaci ya zo daidai da idin su Natanel. Alfari ya zo bayan sallar asuba, ya zauna a tabarmar ƙofar gida, suka gaisa har gaisuwa ta ƙare. Sai ya ce kwamiti ya rabu biyu. Matasa na son tol, Yakuba ya kawo musu zane. Dattawa na son kara da hannun Sumana. Akwai waɗanda suka so su ce hannun da ke rufa wa Yahudawa bai dace ya rufa wa masallaci ba, amma Alfa Idrisa ya kashe wannan tun da wuri, ya tambaye su a butik ɗin wa suke sayen bujin da ke kawo su sallah. Abin da ya rage shi ne yoyo. Duk lokacin da dattawa suka buɗe baki, sai a nuna musu bakin hanya.

"Malam Sumana, bana dai ka huta," in ji Alfari. "Bana kaɗai. Su yi abinsu da kansu, kowa ya ga ba hannunka ba ne. Ranar jajibirinsu muke zama bayan la'asar. In babu kai a kan rumfar nan, ni na san yadda zan yi da matasa."

"In kuma akwai ni?"

"To ka ɗaure mini baki da igiyarka."

Sumana ya kwana biyu yana juya maganar. Rana ta uku ya shiga butik, ya tsaya yana duba wata sarƙar moto da ba shi da abin yi da ita, sa'an nan ya faɗa wa Natanel. Natanel bai nuna ɓacin rai ba. Ya ce ai sun yi shekara tara suna kallo, ko jaki ne ya ci a ce ya koya, kuma bai kamata idin wani ya ci sunan wani ba.

Suka fara da kansu. Maza goma sha huɗu: tela, direba, malamin lekol, 'yan kasuwa, kowa da ra'ayinsa. Daga ƙofar gidan Sumana ana hango filin, don haka ya juya tabarmarsa ya ba shi baya. Hadiza ta fito da tsintar wake ta zauna tana fuskantar can, tana ba shi labari ba tare da ya tambaya ba. Ga tela yana auna ginshiƙi da abin awon wando. Ga direba ya haƙa rami iyakar tafin hannu ya ce ya isa. Sun sayo karan dawa ɗanye. Sun jera shi duk kai ɗaya. Sumana ya ce mata waken nan ba ya buƙatar baki. Ta ce ita da waken take magana.

Sun gama ana sauran kwana ɗaya. Rumfar ta tsaya, ba laifi, in mai kallo bai matso ba. A daren aka yi hadarin bankwana, irin wanda iskarsa ta fi ruwansa. Da gari ya waye rumfar tana kwance a kan hanya, kara ya watsu har bakin kwata, awakin unguwa suna karin kumallo da abin da ya rage. Mutum kusan arba'in ne za su ci abinci a wurin da faɗuwar rana, ciki har da baƙi da suka ƙetaro kogi tun jiya. Maza goma sha huɗun suna tsaye suna duban juna. Babu wanda ya dubi gidan Sumana, kuma ƙin duban ya fi duban nauyi.

Ya sha kununsa a hankali. Ya tashi ya ce zai je sayen goro. Ya shiga ɗaki ya fito da wuƙa, da adda, da ƙunshin igiyar kaba a kafaɗa.

"Goron bana a rijiya ake sayar da shi?" in ji Hadiza.

Ya wuce ta, ya nufi filin.

Da ya isa bai gai da kowa ba, abin da bai taɓa yi ba. Ya taka ɗaya daga cikin ramukan da ƙafa, ya tambayi wa ya haƙa wannan. Direba ya ce shi ne. Sumana ya ce Allah ya sa ba haka yake ɗaure kaya a kamiyo ba. Ya aika Obinna da amalanke bakin fadama wurin wani manomi da ya sani, ya ce a ce Sumana ne, karan gero busasshe, mai kauri. Ya raba sauran: masu haƙa, masu riƙe ginshiƙi, tela kuma ya riƙe tsani, don nan ne ba zai yi ɓarna ba. Natanel ya matso ya ce a hankali:

"Baba, yau ne zaman kwamitinku."

"Na san ranakun mako. Miƙo azara."

Lokacin da aka kira azahar yana sama, a kan hanyar da kowa ke bi zuwa masallaci. Mutane suka wuce suna ɗaga kai. Yakuba ya wuce, wannan karon bai ce komai ba, don ba ya buƙata. Alfari ya zo ƙarshe, ya tsaya a gindin tsani, ya dafa sandarsa.

"Malam Sumana, sannu da hutawa."

"Yauwa, Alhaji. Ka ga ramin da suka haƙa?"

"Ban zo ganin rami ba."

"Da ka gani da ka hau kai ma."

Alfari ya ce a sauko a yi sallah. Sumana ya sauko, ya yi alwala, suka tafi tare. Bayan sallah ya koma sama. Ya gama rana na shirin faɗuwa, Natanel ya ɗora damin ƙarshe a karkace kamar kullum. A daidai lokacin kwamiti ya riga ya tashi. An ba Yakuba aikin.

Rumfar tol ta tsaya cikin sati biyu, da fenti kore. Sumana na sallar Juma'a a ƙarƙashinta, don har yanzu yakan makara. Da bazara tsofaffi sun daina zama a wurin tsakanin azahar da la'asar, sun koma gindin wani itacen bedi, in kuma aka yi ruwa ana huɗuba sai dai a bi bakin liman da ido. Sumana bai taɓa cewa uffan ba. Da wani ya so jan bakinsa, ya ce ba ta yoyo, wannan shi ne gaskiya. Mutanen ƙauye kuwa sukan ɗaga kai su tambayi wa ya yi wannan, a nuna musu shagon walda. Aiki ya ragu ƙwarai. Ana dai kiransa Ba-Yoyo har yanzu, sai dai masu kiran sukan ɗan yi murmushi, shi kuma yakan amsa kamar bai gani ba.

Jama'ar Natanel sun so su yi masa wani abu. Sun gayyace shi ya zauna a rumfar ya ci tare da su, suka ce baƙo a cikinta lada ne. Yakan je rana ɗaya cikin bakwai, da rana, ya ci kifi da shinkafa. Ba ya jin abin da suke rerawa, kuma ba ya tambaya. Idonsa na kan rufi.

Bana, sauran kwana biyar idin, Alfari ya sake zuwa bayan asuba. Gaisuwar ta fi ta wancan karon tsawo. Ya yi maganar ruwan sama, ya yi maganar ciwon gwiwa, ya dubi hagu da dama, sa'an nan ya ce yana da rumbu biyu a gonarsu ta Zabori, rufinsu ya mutu, gero kuma na nan a waje. An ba shi shawarar tol, amma tol kan sa hatsi ya yi gumi. Yana son jinka, irin ta da, wadda ba ta ɗiga. In da hali su tafi gobe da sassafe, kafin mutane su fito.

Sumana ya ce gobe yana bakin fadama zaɓen kara. Jibi haƙa, gata kafa ginshiƙi, bana mutum hamsin ne. In ya sauko daga rumfar su Natanel, in Allah ya kai rai, sai su tafi, kuma ba sai da sassafe ba.

"Gero ba zai jira kwana biyar ba, Malam Sumana. Hadari na haɗuwa kullum."

"Rufa masa bash, Alhaji," in ji Sumana. "Akwai wani tsohon bash a bayan ɗakina, in kana so."